Murhun Dada da Masu Ɗibar Wuta

A cikin watan Agusta, lokacin da zafin Dubai yake hana mutum taɓa ƙofar mota da tafin hannu, Gidaɗo ya shiga yawon neman murhun ɗumama ɗaki. A Al Buteen yake aiki, a ofishin kago da yake tura wa 'yan kasuwa kayansu zuwa gida, don haka daga shagunan unguwar ya fara. Duk wanda ya tambaya sai ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ga gumi ya manne masa riga a baya, sannan ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ba don kansa yake nema ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Dada, tana zaune a wani ƙauye kusa da Nguroje, a kan tsaunin Mambila, inda ruwan randa yake gagarar mai alwala da asuba. Tun tana amarya take kwana da kaskon gawayi a ɗaki. A daminar nan tari ya kama ta, ƙirjinta ya riƙa kuka, aka kai ta asibiti a Gembu. Likita ya ce hayaƙi ne ya yi mata illa, kada a sake shigar da kasko ɗakin da take kwana. Babban ɗanta, Hamma Ɗalhatu, wanda yake aikin gwamnati a Jalingo, ya yanke magana cewa da zarar ruwa ya ɗauke, kafin sanyin ƙarshen shekara ya kankama, zai zo da mota ya sauko da ita, ta zauna a gidansa inda ba mai bukatar wuta don ya ji ɗumi.

Dada ba ta musa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja da shi. Amma Adda Hafsa, yayar Gidaɗo da take aure a gidan da ya haɗa katanga da na Dada, ta gaya masa a waya cewa tun daga ranar tsohuwar ta rage cin abinci, kuma da yamma takan tsaya a bakin garke tana duban shanu kamar mai ban kwana. Gidaɗo ya kira Hamma, ya roƙi alfarmar a bar shi ya nemo wutar da ba ta hayaƙi. Hamma ya ce ya ji, amma da sharaɗi: shi da kansa zai zauna a ɗakin a rufe ƙofa, idan hancinsa ya ji ko ɗan ƙauri, a ranar Dada za ta shiga mota.

Wanda ya fitar da Gidaɗo daga yawon banza shi ne Alhaji Sabo, dillalin turaren wuta, girman Fagge a Kano amma asalinsa Babarbare, wanda ba ya ganin Bafulatani ya bar shi ya sha ruwa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki da ya ji abin da ake nema, ya ce shi dai ya san Fulani da bin shanu cikin rana, bai san sun fara sayenta a shago ba. Da ya gama, sai ya ce akwai wani sito a Al Qusais da yake tara kayan da ake wucewa da su ƙasashen ƙanƙara, ba a sayar da ko ɗaya a Dubai. Ranar Asabar ya ɗauke shi a motarsa suka tafi.

Mai kula da siton wani mutum ne mai suna Fahad, daga duwatsun arewacin Pakistan, wanda ya san sanyi da jikinsa. Ya nuna musu wani irin murhu na ƙarfe, tsayinsa zuwa ƙugu, da ƙofar gilashi a gaba. Abin da yake ci ba itace ba ne, ba gawayi ba. Garin katako ne da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi kamar abincin kifi, ana kiransu felet. Ana zuba su a wani aljihu a sama, suna gangarowa kaɗan-kaɗan cikin wuta, hayaƙin kuma bututu ne yake ɗauke shi zuwa waje. Gidaɗo ya damƙi ƙwayoyin a hannu, ya tuna tulin garin katako da masu yankan bishiyar turare suke ƙonawa a bakin hanyar Nguroje don sun rasa yadda za su yi da shi. Fahad ya ce akwai ƙaramin injin matsa su, wanda za a iya haɗawa da injin niƙa. Mijin Adda Hafsa kuwa injin niƙa ne sana'arsa.

Akwai masu aiki da lantarki, masu fanka da rimot, har da wanda ake kunnawa daga waya. Gidaɗo ya daɗe a gaban wannan, domin ya ƙiyasta kansa zaune a Al Buteen yana kunna wa Dada wuta da yatsa. Alhaji Sabo ya tambaye shi yaushe rabon ƙauyensu da ganin lantarki, ya ce ko sandar ba a kafa ba. Sai suka koma kan wanda ba ya bukatar komai, ƙwayoyin suna sauka da nauyin kansu, bututu yana jan iska da zafinsa.

Gidaɗo ya ce a ɗaure, Alhaji Sabo ya ce ba a ɗaurewa. Shi tun da ya fara kasuwa bai taɓa sa abu a kwantena ba tare da an kunna ya gani ba, ko tocila ce. Fahad ya nuna musu rana ta ƙofar sito, ya ce habibi, a wannan wata ba mai kunna murhu sai wanda ya gaji da duniya. Alhaji ya ce yalla, maza a fito da shi.

Haka aka ja murhun zuwa filin bayan sito. Fahad ya koya wa Gidaɗo haɗa bututu, gaɓa cikin gaɓa, ya sa ya warware ya sake haɗawa har hannunsa ya saba, tun da shi ne zai koyar da na gida. Ya nuna masa nisan da za a bari tsakanin murhu da bango, da shimfiɗar dutse da za a ɗora shi a kai, da ƙofar da iska take shiga. Sannan aka kunna. Wuta ta tashi a bayan gilashi, tsaf, ba ko ɗigon hayaƙi a kusa da su. Su uku suka tsaya tsakanin zafin sama da zafin ƙarfe, gumi yana ɗiga daga gemun Alhaji. Gidaɗo ya ji zuciyarsa ta yi fari. Ya kira Adda Hafsa a wayar bidiyo, ya ce ta kai wa Dada ta gani.

Dada ta bayyana a fuskar wayar lulluɓe da bargo. Bayan gaisuwa ta daɗe tana duban wutar, ya zagaya mata murhun gaba da baya, yana bayani da Fulatanci. Da ya gama sai ta yi tambaya ɗaya.

"To, ta ina ake ɗibar wuta?"

Gidaɗo ya ce ai ba a ɗiba, a rufe take, alherin abin ke nan. Dada ta ce Allah ya yi masa albarka, ya yi ƙoƙari, amma kada ya wahalar da kansa. Ta miƙa wa Adda Hafsa wayar.

Adda Hafsa ta fita tsakar gida, ta rage murya, ta tambaye shi ko zaman Dubai ya mantar da shi gida. Kowace safiya matan unguwa suna zuwa ɗakin Dada da sakaina ko tsohon murfin tukunya su ɗebi garwashi, su je su hura nasu murhun. Ba don ba su da ashana ba, kowacce da tata. Amma haka aka saba tun zamanin kakarsu, wutar gidan nan ba ta mutuwa, kuma mai zuwa ɗibar wuta ba ta tafiya sai ta zauna ta faɗi wanda ya haihu, da wanda ba shi da lafiya, da saniyar da ta ɓata. A nan Dada take sasanta masu faɗa, a nan take jin duniya. Tun da aka fitar da kaskon, ƙafa ta ɗauke daga ɗakin, domin matan suna jin nauyin zuwa ba dalili da sassafe.

"Ita ta gaya mini da bakinta," in ji Adda Hafsa, "idan ɗakinta ba shi da wutar da zai ba mutane, to da nan da Jalingo duk ɗaya ne a wurinta."

Gidaɗo ya tsaya riƙe da waya, kunya ta rufe shi, domin shi ma yana yaro ya sha tsallake ƙafafun matan nan a ƙofar ɗaki. Ya fassara wa Fahad. Fahad ya ce a ƙauyensu ma kakarsa ta yi haka, amma wannan murhu an yi shi ne don kada komai ya fita daga cikinsa. Duk da haka suka gwada. Aka buɗe ƙofa, Gidaɗo ya kwaso jan ƙwayoyi a cokalin toka, kafin ya kai bakin katanga sun zama toka fara. Felet ba ya barin garwashi mai riƙo.

Alhaji Sabo, wanda ya daina zolaya tun da ya ji muryar tsohuwar, ya ce a koma ciki a sha ruwa. A cikin sito Gidaɗo ya ƙi zama. Ya bi layin kwalaye yana duban zanen da ke jikinsu, har ya tsaya a gaban wani da aka zana ƙwayoyi a gefe ɗaya, guntun itace a ɗaya gefen. Fahad ya ce wannan mai ciki biyu ne, ana yi wa mutanen da wani lokaci ƙanƙara take rufe musu hanya, felet ya yanke, su koma itace. Yana da raga a saman wurin wutar, idan aka ɗora itace harshen felet ne yake kama shi. Ya fi nauyi, ba shi da kyan gani, shi ya sa bai nuna musu ba. Gidaɗo ya tambaya, idan aka sa guntun itace ɗaya kafin asuba, me zai zama da hantsi. Fahad ya dube shi, ya yi murmushi, ya kira mai motar ɗaga kaya.

Suka sake haɗa bututu a cikin ranar nan, suka sake kunnawa. Aka samo guntun itace daga wani mai gasa nama a layin, aka ɗora a kan raga, suka koma inuwa suna jira. Da itacen ya ci ya zama ja, Fahad ya nuna wa Gidaɗo cewa kafin a buɗe ƙofa sai an fara buɗe makullin iska gaba ɗaya, a ɗan dakata, sannan a buɗe a hankali, ta haka bututu zai ja hayaƙin sama maimakon ya fito ɗaki. Gidaɗo ya yi yadda aka ce. Ba abin da ya fito sai zafi. Alhaji Sabo ya ɗauko kaskon turaren wuta daga cikin samfurin da ke bayan motarsa, aka sa garwashi biyu a ciki da awartaki.

Aka sake kiran gida. Wannan karon Dada ta matso da fuskarta. Ta ce ta ga garwashi, amma ganinsa a bakin murhu ba shi ne ba, sai ya kai gidan mai ɗiba da ransa, gidan Goggo A'i ne ya fi kowanne nisa, can gangare bayan rafi, kuma ita ce ba ta fashin zuwa.

Gidaɗo ya ɗauki kasko ya rufe shi da tafin hannu ta gefen iska, kamar yadda matan suke yi. Alhaji Sabo ya riƙe waya yana binsa. Suka fita ƙofar sito, suka bi gefen titi tsakanin manyan motoci, direbobi suna leƙowa ta taga suna kallon wani baƙin mutum da wuta a hannu da rana tsaka, da wani Alhaji cikin babbar riga yana haki a bayansa. Dada tana lissafa musu hanya. Da suka wuce siton tayoyi ta ce yanzu sun wuce gidan liman. Da suka kai kwana ta ce wannan bishiyar fiya ce, ya rage sauri, Goggo A'i ba yarinya ba ce, kuma takan tsaya nan ta gaisa da mutane. Gidaɗo ya tsaya a kan kwalta mai ƙuna, ya gaisa da wani mai gadi da bai taɓa gani ba. Alhaji ya ce wa Dada ɗanta ya kusa kashe mata Babarbare ɗaya, ta ce ai ragowar suna da yawa. Shi ne karo na farko da Adda Hafsa ta ji dariyarta tun dawowa daga asibiti.

A gaban wani shagon shayi Dada ta ce ya tsallake rafi, ya iso. Gidaɗo ya durƙusa, ya yayyaga guntun kwali a kan garwashin, ya hura sau ɗaya, ya sake hurawa. Harshen wuta ya tashi. Dada ta ce a ɗaure murhun da kyau kada ya buge a hanya.

Murhun ya bi kwantenar wani ɗan Kano ta Legas, tare da bututunsa, da buhunan felet na sanyin farko, da injin matsa garin katako. Daga Kano ya hau motar da take kai kaya Gembu. Ya isa ƙauye ruwa yana ɗaukewa, a makon da Hamma Ɗalhatu ya aiko cewa yana tafe.

Ranar kafawa Gidaɗo ya nemi izini daga maigidansa, ya jingina waya da kwalin kaya a ofis, ya zauna a gabanta. A can Adda Hafsa ce take riƙe da waya, mijinta da Malam Mubashir kafinta suna aiki. An share ƙasa, an shimfiɗa faffaɗan dutse, an matsar da gadon Dada da jerin ƙorenta daga wannan bango. Komai ya tafi daidai har aka zo kan bututu. Malam Mubashir ya ce shi ba zai huda kwano ba. A garin da ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya, kafintan da ya huda rufin tsohuwa da hannunsa ya gama sana'a. Ya fi so a fitar da bututun ta taga, a bar bakinsa a ƙarƙashin indararo.

Gidaɗo ya san abin da zai biyo baya, domin Fahad ya nanata masa: murhun da ba shi da fanka, tsayin bututu ne numfashinsa, idan bakin bai wuce ƙololuwar rufi ba iskar tsauni za ta danna hayaƙin ya dawo ɗaki. Ya yi bayani, kafinta ya kafe. Sai ya ce wa Adda Hafsa ta buɗe ƙaramin kwalin da aka ɗaure da jan zare. A ciki akwai wuyan ƙarfe mai leɓen roba da ake zurawa a jikin bututu ya kwanta a kan kwano, da hular da ake ɗora wa bakinsa. Ya ce Malam ya huda, ya sa, sannan a hau da bokiti a kwarara ruwa. Idan ɗigo ɗaya ya sauka a ɗaki, a faɗa wa duk gari cewa Gidaɗo ne ya ɓata rufin uwarsa, ba kafinta ba. Malam Mubashir ya jujjuya wuyan a hannu, ya ce a kan wannan sharaɗi ya yarda. Aka huda, aka sa, aka ɗaure bututun da waya ta gefe uku saboda iska. Bokiti bayan bokiti aka kwarara, Dada da kanta tana tsaye a ƙasa da tafin hannu a buɗe, bai jiƙe ba.

Hamma Ɗalhatu ya iso da la'asar, an riga an kunna. Ya gaida Dada, ya zagaya murhun, ya ce a rufe ƙofa da taga. Adda Hafsa ta ba da labari daga baya cewa ya zauna a kan tabarma da rigar sanyi da hula, yana ɗaga hanci kamar mai neman abin da ya ƙone a tukunya. Can ya cire hula, can ya cire rigar sanyin, daga nan ya kishingiɗa, kafin magariba sai da aka tashe shi. Amma bai yanke hukunci ba, ya ce sai ya ga yadda za a buɗe shi da safe, domin a nan hayaƙi zai fito in zai fito.

Da gari ya waye a Mambila, hantsi ya riga ya ɗaga a Dubai, ofishin kago ya cika da 'yan kasuwa masu jiran a auna musu kaya. Alhaji Sabo ma ya zo, ya ce ya zo ganin yadda za a kunyata Fulani. Wayar Gidaɗo ta yi ƙara. Adda Hafsa ce, ta juya fuskar wayar zuwa ɗakin. Mata ne zaune a jere jikin bango, kowacce da sakainarta a cinya, sun zame mayafai saboda ɗumi, Goggo A'i tana tsakiyar ba da labarin wani ɗan maraƙi. Dada tana kan kujera 'yar tsugunne a gaban murhu. Ta buɗe makullin iska, ta dakata, ta ja ƙofar a hankali, ta zaro garwashi da awartaki ta sa wa ta kusa da ita, ba ta yi tari ba. Hamma yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana shaƙar iska. Ya daɗe a haka, har aka sallami mace ta uku.

Sannan ya karɓi wayar ya fita tsakar gida.

"Gidaɗo."

"Na'am, Hamma."

"Ban ji komai ba. Na so in ji, ban ji ba." Ya gyara murya. "Dada tana nan a ɗakinta. Ni zan koma gobe. Ka gaya wa mijin Hafsa ya fara gwada injin nan tun yanzu, kada buhunan su ƙare a tsakiyar sanyi."

Gidaɗo ya ce to, Hamma, Allah ya ƙara girma. Ya ajiye wayar a kan sikeli, ya rufe fuska da hannuwa biyu, kafaɗunsa suna rawa, 'yan kasuwar da ke layi ba su san ko kuka yake yi ko dariya ba. Alhaji Sabo ya juya ya gaya musu cewa khalas, magana ta ƙare, yau ba a auna kayan kowa sai an sha shayi, kuma Bafulatani ne zai saya.